Ranar da Yaya Ya Cika Injin Zubi

Inna ba ta kiran sunan Yaya. Ɗan fari ne, ita kuma mutuniyar da ce, sai dai ta ce "wancan", ko "mutumin Kudu" in tana jin tsokana. Ko magana ce ta kama dole, ba ta faɗa masa kai tsaye. Ni take aikowa, ko da yana zaune a bakin ƙofar ɗakinta yana jin komai da kunnensa. Haka ta yi ranar da ciwo ya fara kwantar da ita sosai. Ta kira ni, ta ce, "Ka gaya wa wancan, na ubansa ya wuce shi, to nawa kada ya wuce shi. Shi nake so ya karɓe ni a rami."

Yaya yana tsakar gida yana goge baƙin mai daga hannunsa da toka. Na fito zan isar da saƙo, ya ɗaga mini hannu, ya ce ya ji. Ya daɗe yana goge hannun nan bayan ya fita tas.

Abin da Inna take nufi kowa a gidanmu na unguwar Poumpoumré ya sani. Lokacin da Baba ya rasu, Yaya yana can Kudu kusa da teku, yana aiki a wata babbar masana'antar alminiyam. Kafin saƙo ya same shi, kafin ya samu izini, ya hau jirgin ƙasa zuwa Ngaoundéré, ya nemi motar da za ta kawo shi Garoua, har an yi sadakar uku an naɗe tabarmi. Ya iso da jaka a kafaɗa, aka nuna masa tudun ƙasa. Ban taɓa jin ya yi zancen ba, amma duk jana'izar da aka yi a unguwa bayan dawowarsa, shi ne na farko a wurin ɗaukar makara.

Sana'ar gidanmu zubi ce. Baba tukwane yake zubawa, da ludaya da kaskon suya. A sayo tsofaffin janti na motoci, wato ƙarfen da ake sa wa taya, da fasassun kawunan inji, a farfasa, a narka a kan gawayi, a zuba a cikin yashi. Rumfarsa tana can wajen gari ta gefen kogin Binuwai, kullum cike da mutane, wannan yana zuga wuta, wancan yana danna yashi, wani yana goge bakin tukunya. In an kira salla a tafi gaba ɗaya. In an yi rasuwa a ja tukunyar narki gefe, a rufe wuta da toka, gobe a ɗora daga inda aka tsaya. Ni a nan na tashi, wuta kuma ita ce rabona. Ina kallon launin ƙarfe na san ya nuna ko da saura.

Da ƙasa ta shiga matsi aka yi ta sallamar ma'aikata, Yaya yana cikin waɗanda abin ya shafa. Bai dawo hannu rabbana ba. Ya dawo da inji, tsoho, wanda wata ƙaramar masana'anta da ta rufe ta rabu da shi. Ranar da aka sauke shi daga babbar mota, rabin unguwa sun fito kallo, ni kuwa na zagaya shi na ce wa Yaya, "Wannan kuma tuwo yake tuƙawa ko miya?" Bai yi dariya ba. Yaya bai iya dariya a kan inji ba.

Aikin injin mai sauƙin faɗa ne. A ƙasa yana da ciki, wata tukunya rufaffiya da lantarki ke ɗumama ta. Ni zan narka ƙarfe a waje kamar yadda na saba, mu ɗauko a babban ludayi mai mariƙi biyu, mu ɗura masa. Sai Yaya ya rufe, ya buɗe iska a hankali, iskar ta turo ƙarfen sama ta wani bututu zuwa cikin mazubin ƙarfe. A ɗan jira, a buɗe, sai ga janti ya fito sumul, ba rami ba ƙuraje. Ƙananan janti muke yi, na baro da na kurar da ake turawa, wadda mutanen nan ke kira puspus. A lokacin kaya daga waje sun yi tsada ba kaɗan ba, sai masu saye suka yi mana ca. Masu jigilar shinkafa daga Yagoua suna zuwa, 'yan kasuwar Bogo suna zuwa. Gaskiya ko ba na so sai na faɗa, abin da injin nan yake fitarwa kafin azahar, rumfar Baba da duk mutanenta ba ta yin sa a mako.

Amma yana da sharaɗi ɗaya, kuma Yaya ya faɗa mini shi tun ranar farko da fuska a murtuke. In an ɗura masa ƙarfe, ba a barin sa sai an zube shi ƙarƙaf. In ƙarfe ya huce a cikinsa, zai daskare ya riƙe bututu, ya tsaga tukunyar, tukunyar kuwa babu irinta a ƙasar nan gaba ɗaya. Shi ke nan inji ya mutu, sai dai a sayar da shi a kilo.

Daga nan rayuwarmu ta koma bin ra'ayin inji. Yaya ya zo da wata kalma daga Kudu, randiman, wai yawan abin da aka fitar a yini. Da safe randiman, da yamma randiman, har matata ta fara tambaya ko wani baƙo ne muka yi da ba a kawo shi ya gaishe da Inna ba. Ya sa aka ƙera mazubi na biyu, don yayin da ɗaya ke hucewa ɗaya na aiki. Ya jera kayan aiki a bango, kowanne da ƙusarsa, in ka ajiye guduma a ƙasa sai ka sha faɗa kamar ka yi sata. Salla ma karɓa-karɓa muka koma yi, in na idar shi ya tayar. Mutanen Baba kuwa ɗaya bayan ɗaya suka watse, don babu abin da za su yi. Muka rage mu biyu a rumfar da a da ba ka jin maganar na kusa da kai saboda hayaniya.

Makunnin iskar nan kuma bai taɓa bari na taɓa ba. Akwai wani agogo mai allura a kansa, in allurar ta wuce wani jan layi, ƙarfe zai iya feso wa mutum a fuska. Na ce ya koya mini, ya ce hannuna da nauyi, na maƙera ne. Na ce to ai shi ma ba a ofis aka haife shi ba. Ya ce wata rana. Raina ya ɓaci, na daina tambaya, na ce ya riƙe kayansa.

Sai ga bazara ta shigo, irin bazarar Garoua da ko kare ba ya yarda ya taka ƙasa da rana. Ruwan madatsar Lagdo ya ja baya, masu lantarki suka fara rabon wuta unguwa-unguwa. Yau akwai, gobe babu, jibi sai yadda Allah ya yi. Yaya ya zama kamar mai duban wata. Ya san ranakun da aka fi ba gefenmu, ya san in an kawo da asuba takan kai yamma. A daidai wannan lokaci ne jikin Inna ya tsananta.

Na same shi na ce, "Yaya, ka ga halin da tsohuwar nan take ciki. Mu riƙa ɗura rabi. In wani abu ya faru, rabi ba ya riƙe mutum."

Ya ce to. Na ba shi wannan, bai yi gardama ba. Muka yi ta ɗura rabi, muna tashi da wuri, yana komawa gida ya zauna a bakin ƙofar Inna yana mata fifita ta bayan labule, ita kuma tana yi kamar ba ta san wanda ke yi ba. Amma ina ganin yadda abin ke cin sa. Rabin ciki yana nufin a ɗumama inji gaba ɗaya don aikin da bai taka kara ya karya ba. Mutumin Bogo da ya ba mu aikin janti masu yawa ya zo ya koma, ya sake zuwa ya koma, a zuwansa na ƙarshe ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba. Ya ce in ba a shirya kafin ranar kasuwarsu ba, zai nemi wani wuri.

Ranar da abin ya faru, Inna ta tashi da sauƙi. Ta zauna da kanta, ta sha kunu, har ta yi wa matata faɗa a kan tsamiya ta yi yawa. Muka shiga gaishe ta, ta dube ni ta ce, "Ka ce wa mutumin Kudu ya je ya yi aikinsa, ya daina tsare mini ƙofa kamar mai bin kaza." Yaya ya sunkuyar da kai yana murmushi. Muka fito, a hanya ya ga fitilar wani shago a kunne, ya ce, "An kawo kuran," wato lantarki.

Tun kafin mu isa na san abin da ke ransa. Da na narka kashi na farko muka ɗura, na ajiye ludayi, sai ya ce, "Ƙara."

Na ce, "Yaya."

Ya ce, "Da idonka ka gan ta. Ta sha kunu. Yau ɗaya dai mu cika, mu sallami mutumin nan, gobe mu koma rabi."

Na ce sauƙin tsofaffi ba abin dogara ba ne. Ya ce ni kullum bakina ba ya faɗin alheri. Muka tsaya muna kallon juna, zafin wuta yana dukan mu ta gefe ɗaya, na rana ta ɗaya gefen. Yayana ne, kuma injinsa ne. Na koma na zuga wuta. Muka ɗura har sai da ƙarfe ya kawo wuya, ya rufe, ya ɗaure ƙusoshi, ya buɗe iska. Janti na farko ya fito yana sheƙi, ya ɗaga shi da awartaki ya nuna mini, ban kalla ba.

Hantsi ya ɗaga sosai lokacin da na ji ƙarar babur a waje. Maƙwabcinmu ne, mahauci, ko rigar aikinsa bai cire ba. Bai shigo ba, ya tsaya a bakin rumfa ya yi sallama ƙasa-ƙasa. Mutumin da a kullum tun daga nesa yake kiran mu da tsokana, yau ya tsaya yana kallon ƙasa.

Ya ce, "Sai haƙuri. Inna ta cika. Allah yaafo mo," wato da Fillanci, Allah ya gafarta mata.

Na yi salati. Na juya na dubi Yaya. Hannunsa yana kan makunnin iska, idonsa a kan allura, don akwai ƙarfe a mazubi a daidai lokacin, ba halin saki. Na ga leɓensa yana motsi. Ya jira janti ya kama, ya rufe iska, ya buɗe mazubi, ya fitar, ya ajiye a layi tare da sauran. Sannan ya zauna a ƙasa, a kan yashi, ya rufe fuska da safar hannunsa mai kauri.

Bai daɗe ba ya miƙe. Ya dubi injin, ya dube ni. Ko kashi ɗaya cikin uku ba mu zube ba.

Ya ce, "Je ka. Ka ce wa Kawu a jira ni zuwa la'asar. Zan yi sauri."

Na ce, "Kashe shi mu tafi."

Ya ce, "In na kashe shi, me za mu ci, mu da iyalinmu? Je ka roƙe shi. La'asar kawai."

Na hau bayan mahauci muka tafi. Ina jin ƙarar injin iska a bayana har muka sha kwana.

Kawu ƙanen Inna ne, shi kaɗai ya rage a ɗakinsu, tsohon dillalin shanu mai magana ɗaya. Na tarar har ya aika masu haƙa, an kawo likkafani, mata suna ciki suna wanka. Na durƙusa na faɗa masa saƙon Yaya. Ya dube ni kamar na yi masa yaren da bai sani ba.

Ya ce, "La'asar? A wannan zafin? Kai ma da bakinka?"

Na ce, "Kawu, ka san abin da ta ce. Shi take so ya karɓe ta."

Ya ce, "Na sani, a gabana ta sake faɗa shekaranjiya. To ya zo mana. Wa ya riƙe shi?"

Na yi ƙoƙarin bayyana masa zancen ƙarfe da bututu da tukunya. Ina magana ina jin yadda maganar take fita, babu daɗin ji ko a kunnena. Kawu ya bari na gama, ya ce shi bai san inji ba, amma ya san gawa, kuma haƙƙinta ne a gaggauta. Da an sallame azahar za a yi mata salla. Na ce ya taimaka. Ya ce zai ɗan ja ƙafa bayan azahar, iyakar abin da zai iya ke nan, kada in ƙara tambaya.

Mutane suka yi ta taruwa. Abokan Baba, mahauta daga mayanka, 'yan kasuwa, Fulanin da Kawu ya yi hulɗa da su shekara da shekaru. Inuwar dalbejiyar ƙofar gida ta cika, waɗanda suka zo daga baya suka tsaya a rana da hula a hannu suna fifita. Kowa ya gaishe ni sai ya ce, "Ina babban?" Ina cewa yana hanya. Na faɗi haka har bakina ya bushe. Ina karɓar gaisuwa, kunnena yana kan titi, duk babur da ya wuce sai na ɗaga kai. Ban samu na yi kukan uwata ba a wannan yini, haushi da tsoro sun cika wurin.

Aka kira azahar, aka yi. Aka fito da ita a makara aka ajiye. Kawu ya cika alkawari, ya ja ƙafa. Ya ce a jira wani tsoho da ya tafi alwala. Ya sake gyara sahu da kansa, ya ce bai miƙe ba. Liman ya dube shi, ya dubi rana, ya dubi tsofaffin da gumi ya jiƙa musu riguna. Wani dattijo ya zauna daɓas a ƙasa, aka kawo masa ruwa. Daga nan Kawu ya gyaɗa kai, aka tayar.

Da aka sallame, aka ɗaga makara, na matsa kusa da Kawu na ce, "Zan je in ɗauko shi. Ku tafi a hankali, don Allah." Ya kama hannuna ya ce, "Kai ma ɗanta ne. Tsaya." Na ce yanzu zan dawo, da babur ne, kafin su isa mun riga su. Na zare hannuna. Na karɓi makullin mahauci na tafi.

Tun daga nesa na san akwai matsala, don ban ji ƙarar injin iska ba. Rumfar shiru. Fitilar da ke kan injin a mace. An ɗauke wuta.

Na shiga na tarar Yaya ya kwance murfin cikin injin, zafi yana fitowa kamar an buɗe tanda. Yana kwasar ƙarfe da ƙaramin ludayi, yana gudu da shi zuwa inda ya tona ramuka a busasshen yashin Baba, ya zuba, ya dawo a guje. Rigarsa ta manne a jikinsa. Ya ɗaure goshinsa da tsumma, don in gumi ya ɗiga a narkakken ƙarfe tartsatsi yake yi. Gefen hannunsa na hagu, sama da inda safa ta tsaya, fata ta tashi fari.

Bai gaishe ni ba. Ya ce, "Tun kafin azahar suka yanke. Kama babban ludayi."

Na ce, "An yi salla. Suna hanya."

Ya tsaya cak da ludayi a hannu. Ya ce, "An yi?"

Na ce, "An yi. Taho mu tafi, yanzu."

Ya leƙa cikin injin. Ya ce, "Da babban ludayi saura kaɗan. In bututun ya fita daga ƙarfe, shi ke nan, ya tsira. Su a ƙafa suke, mu muna da moto. Kama mini, don Allah. Kama."

Yaya bai taɓa roƙona komai ba tun muna yara. Kuma na san in ban kama ba, ba zai taho ba, zai tsaya yana yi da ƙaramin ludayi har magariba. Na sa safa na kama.

Babban ludayin nan ba a gaggawa da shi. Mutum biyu ne, ɗaya gaba ɗaya baya, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, in ɗaya ya yi tuntuɓe duka biyun sun ƙone. Muka cika shi da ƙaramin, muka ɗauka, muka kai, muka zuba, muka dawo. Ƙarfen ya fara kauri, yana bin ludayi kamar kunun da ya kwana, saman kuma ya yi fata mai toka-toka da sai an ture ta. Ina tafiya ina lissafin inda makara ta kai. Yanzu sun wuce masallacin kwana. Yanzu sun fita kwalta. Na ce, "Yaya, ya isa." Ya ce saura kaɗan. Muka sake kaiwa. Na ce, "Yaya." Ya ce wannan ne na ƙarshe. Muka kai, muka dawo, ya sake sa ƙaramin ludayi a ciki.

Na leƙa da kaina. Bututun yana nan nutse, ƙarfen ya fara kama gefen tukunya, ya yi fari a zagaye. Wuta ce sana'ata, na san abin da nake gani. Ko mu huɗu ne ba za mu riga shi ba.

Na ajiye mariƙina a ƙasa. Na cire safa na jefar. Na ce, "Ni na tafi. In za ka zo, ka zo."

Ya dube ni, ya dubi cikin injin. Shi ma ya gani, ya fi ni sani. Ya ɗan tsaya, kafaɗunsa suka sauka. Ya jingina ƙaramin ludayin a jikin inji a hankali, kamar zai dawo ya ɗauka. Ko rumfar ba mu rufe ba. Injin nan bai sake tashi ba, daga baya masu sayen ƙarfe ne suka zo suka farfasa shi.

Na ja babur kamar zan tashi sama. Yaya yana bayana, ya riƙe rigata, ina jin zafin jikinsa da warin ƙonannen yashi. Sau ɗaya ya yi magana, da muka iso inda ake koro shanu zuwa mayanka suka tare hanya. Na yi ta danna oda, makiyayin yana ɗaga mini sanda yana cewa, "Munyal, munyal," wai in yi haƙuri. Yaya ya ce a kunnena, "Bi ta gefe." Na faɗa cikin yashi, babur ya yi ta wutsil-wutsil, muka fita da ƙyar.

Da muka hango maƙabarta na ga taron mutane a tsaye wuri ɗaya, sai na ji sanyi a raina, na ce ba su gama ba. Muka jefar da babur a bakin shinge, ko tsayar da shi ban yi ba. Muka ratsa tsakanin kaburbura da gudu, mutane suna buɗa mana hanya, ba wanda ya dube mu a ido. A gefe na ga makara a jingine, ba kowa a kai, tabarmar a naɗe.

An riga an jera itace, an toshe da laka, an tura ƙasa. Wani yana yayyafa ruwa a kan tudun da buta, wani yana daddanna gefe da tafin hannu. Liman ya ɗaga hannu zai fara addu'a, da ya gan mu ya dakata.

Yaya ya tsaya a bakin tudun. Har yanzu tsumman yana ɗaure a goshinsa, safa ɗaya a hannunsa na dama, ya manta bai cire ba. Ni kuwa sai a lokacin abin ya sauko mini, cewa 'ya'ya biyu maza ta haifa, kuma babu ko ɗaya a wurin. Na ji haushin Yaya, na ji tausayinsa, na rasa wanda ya fi yawa. Na tsuguna.

Kawu ya taho yana dogara sanda. Rigarsa duk jar ƙasa har ƙirji, gwiwoyinsa sun yi laka. Tsohon da ko hawa tabarma sai an kama shi. Na ɗauka zai yi faɗa, na ma so ya yi. Ya tsaya a gaban Yaya, ya daɗe yana kallon ƙunar da ke hannunsa.

Ya ce, "Mun tsaya a bakin ramin. Mun tsaya har mutane suka fara magana."

Yaya ya dubi tudun. Ya ce, "Wa ya karɓe ta?"

Kawu ya ce, "Ni na shiga." Ya goge hannunsa a riga. "Kada ka damu, ba ta ba ni wahala ba. Ba ta da nauyi ko kaɗan."